Yadda Ake Bin Diddigin Rayuwar Matar Sarki a Turai ta Dā

Duk mai son fahimtar rayuwar matar sarki a Turai ta ƙarni na 12, ya fara da binciken abin da ta shigo da shi gidan miji, domin a fadojin wancan zamani ƙasa ake nema kafin a nemi mace. Eleanor ta Akiten misali ce mai kyau: ta gaji Akiten, yankin mahaifinta da ke kudu maso yammacin Faransa, a 1137, a cikin shekarar kuma aka aurar da ita ga Luwi na Bakwai na Faransa, alhali yankin nata ya fi ƙasar da shi kansa yake mulka kai tsaye faɗi.

Daga nan sai ya duba haihuwa. Bayan shekara 15 da ’ya’ya mata biyu, ba ɗa namiji, an raba aurensu a 1152 bisa hujjar kusancin jini, sai Akiten ta bi mai ita, wadda cikin wata biyu ta auri Henri, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154.

Babban aikin yana wajen tantance majiya. Yawancin marubuta tarihin lokacin malaman coci ne, kuma ba sa kallon mace mai iko da idon rahama, shi ya sa jita-jitar cewa ta yi lalata da baffanta Raimon a Antakiya, a lokacin yaƙin 'yan Salibiyya na biyu, ta yi ta yawo ba tare da shaida ba. A ganina, abin dogaro shi ne takardun da ta buga wa hatiminta, na kyautar filaye ga gidajen ibada da tabbatar da haƙƙin garuruwa, sai kuma littattafan baitulmalin Ingila da ke nuna abin da aka kashe a kanta. Mai bincike ya lura da shekarun da sunanta ya yawaita a takardu da waɗanda ya yi ƙaranci. Alal misali, bayan ta goya wa ’ya’yanta maza baya a tawayen da suka yi wa mahaifinsu Henri a 1173, Henri ya tsare ta har mutuwarsa a 1189.

Kada kuma a rufe bincike da mutuwar miji, domin sau da yawa ikon uwar sarki ya fi na matar sarki. Eleanor ce ta tsaya aka tara kuɗin fansar ɗanta Richad, sarkin Ingila da aka kama aka tsare a Jamus, ta kai su Jamus da kanta aka sake shi a 1194. A 1200, tana dab da shekara 80, ta tafi masarautar Kastil da ke Sifen ta ɗauko jikarta Blanche domin a aurar da ita ga magajin sarautar Faransa. Ta rasu a 1204, aka binne ta a gidan ibada na Fontevraud da ke Faransa.