Yadda Kwalejin Al'umma Za Ta Tsara Horon da Zai Kai Mutanen Yankinta ga Aiki

A Amurka, kwalejin al'umma makaranta ce ta gwamnati da ake shekara biyu a cikinta bayan sakandare, ƙofarta a buɗe take ga kusan duk wanda ya nema, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na jami'a ba. Wadda ta fi daɗewa a cikinsu ita ce ta garin Joliyet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901, amma tsarin ya kankama ne bayan kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawara a 1947 cewa a kai ilimin gaba da sakandare kusa da gidan kowa. Aiki biyu aka ɗora mata: shirya ɗalibai su wuce jami'a, da koya wa mutanen yanki sana'ar da za su riƙe kansu da ita. Wannan jagora ya shafi aiki na biyu ne, kuma an rubuta shi domin shugabannin kwaleji, da jami'an raya tattalin arziki na gunduma, da masu kamfanonin da suke zama teburi ɗaya da su. Abin da nake so in kafa tun farko shi ne, horo ba ya haifar da aiki shi kaɗai, saboda haka shiri mai kyau daga gurbin aiki yake farawa, sannan ya dawo baya zuwa aji.

Da farko a tantance yankin da ake magana a kansa, kuma kada a ɗauki iyakar gunduma ko ta birni a matsayin iyakar kasuwar aiki. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne nisan da mutum zai iya tafiya da safe ya isa wurin aiki, ya kuma dawo gida da yamma. Hukumar ƙidaya ta Amurka tana wallafa bayanan zirga-zirgar ma'aikata tsakanin gundumomi, Ofishin Ƙididdigar Ƙwadago kuma yana fitar da yawan ma'aikata da matsakaicin albashin kowace sana'a a manyan birane da kewayensu. Daga nan za a ga sana'o'in da suke da gurabe masu yawa, da waɗanda albashinsu zai iya riƙe iyali, domin ba kullum biyun suke haɗuwa ba. Mai kula da tsofaffi a gida ana nemansa ruwa a jallo kusan ko'ina, amma ladansa kaɗan ne, alhali mai gyaran injinan masana'anta, wanda ba a ɗauka da yawa haka, ya fi shi albashi nesa ba kusa ba. Dokar Perkins ta 2018, wadda ta hanyarta gwamnatin tarayya take ba da kuɗin ilimin sana'a, ta wajabta wa mai karɓar kuɗin ya yi irin wannan binciken buƙatun yanki aƙalla sau ɗaya a kowace shekara biyu.

Sai dai alƙaluma labarin jiya suke bayarwa. Saboda haka mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne zama da masu ɗaukar ma'aikata. Kusan kowace kwaleji tana da kwamitin ba da shawara na 'yan kasuwa da ke haɗuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, a yaba wa juna a watse, kuma wannan bai wadatar ba. A kira kamfanonin sashe guda a lokaci guda, misali duk asibitoci da gidajen kula da tsofaffi na yankin, ko duk masana'antun sarrafa ƙarfe, a kuma nemi su turo shugaban ɓangaren da sabon ma'aikaci zai yi aiki a ƙarƙashinsa, domin shi ya san abin da yake hana sababbin hannu daɗewa. Tambayoyin su kasance babu rufa-rufa: mutum nawa za ku ɗauka cikin wata 12 masu zuwa, nawa za ku biya a awa, wace takardar shaida kuke dubawa da gaske, kuma me za ku zuba a cikin shirin daga aljihunku? Amsar tambaya ta ƙarshe ita take raba mai buƙata da mai ƙorafi kawai. Kamfanin da ya ce yana fama da ƙarancin ma'aikata, amma ya ƙi ba da inji ko ɗaya, ya ƙi ba da aron gwani ya koyar, ya ƙi yin alkawarin ko da ganawa da waɗanda suka kammala, sau da yawa matsalarsa albashi ce ko yanayin aiki, kuma bai kamata kwaleji ta kashe kuɗin jama'a tana cika masa gurbin da mutane suke gudu ba.

Wanda yake ganin an tsaurara a nan, ya dubi abin da ya faru a garin Janesbil na jihar Wiskonsin. Da kamfanin General Motors ya tsayar da babban aikinsa na ƙera motoci a can a ƙarshen 2008, da yawa daga waɗanda suka rasa aiki sun koma aji a kwalejin fasaha ta yankin, da tallafin gwamnati da kyakkyawar niyya daga kowane ɓangare. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa a shekarun farko waɗanda suka koma karatu ba su fi waɗanda ba su koma ba samun aiki mai ɗorewa ko albashi, hasali ma a baya suke. Malamai sun koyar, ɗalibai sun dage, amma tattalin arzikin yankin a lokacin ba shi da guraben da za su shiga.

Idan an samu alkawari, sai a dubi lokaci. Jihohin kudu ne suka fara gane cewa masana'anta ba za ta jira a yaye ɗalibai ba. Karolina ta Arewa ta soma horo na musamman domin sababbin masana'antu a 1958, Karolina ta Kudu ta kafa nata tare da tsarin makarantun fasaha a 1961, Jojiya kuma ta biyo da shirin Quick Start a 1967. Dabarar kusan ɗaya ce: tun ana ginin masana'anta, masu horarwa na jiha suke nazarin yadda kamfanin yake aiki, su rubuta manhaja a kan injinan da za a kafa, su taimaka wajen tace masu nema, su horar da su ba tare da kamfanin ya biya ba, ta yadda ranar da aka kunna inji akwai hannun da zai riƙe shi. Haka aka yi wa BMW da ya buɗe masana'antarsa a gundumar Spartanburg a 1994, haka kuma aka yi wa Kia a garin West Point na Jojiya, wanda ya fara fitar da motoci a 2009. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma horon da aka ɗinka daidai jikin kamfani ɗaya yana rasa amfani ranar da kamfanin ya tashi. Don haka kwaleji ta dage cewa duk abin da aka koyar ya ƙare da takardar shaidar da sauran kamfanonin sashen suka amince da ita, kuma a lissafa shi cikin makin karatun da zai kai mutum ga digirin shekara biyu idan ya so ya ci gaba. A kwalejoji da yawa sashen gajeren horo da sashen digiri a rabe suke, kowanne da rajistarsa da kasafinsa, har wanda ya yi wata uku yana koyon walda a na farko ya tarar ba a ƙirga masa komai ba a na biyu. Gyaran wannan yana hannun shugaban kwaleji, wanda zai zaunar da malaman ɓangarorin biyu su amince a rubuce da abin da ya yi daidai da me.

Inda ya yiwu, a haɗa karatu da aikin da ake biya. Tsarin FAME, wanda Toyota ya fara da kwalejin Bluegrass a jihar Kentaki a 2010, misali ne mai kyau: ɗalibi yana kwana 3 a mako a masana'anta ana biyansa, kwana 2 a aji, har zangon karatu 5, ya fita da digiri da gogewa a tare. Karolina ta Kudu kuwa ta kafa shirin Apprenticeship Carolina a 2007, da rangwamen harajin da a lokacin ya kasance dala 1,000 a shekara kan kowane mai koyon sana'a har shekara 4. Kuɗin ba shi da yawa, kuma a fahimtata abin da ya fi jawo ƙananan kamfanoni shi ne jami'in da yake zuwa kyauta ya taya su tsara shirin da cika takardun rajista.

Yanzu ga inda shirye-shirye da yawa suke tuntuɓe, bayan an sayi injina an yanke ƙyalle. Ɗalibin kwalejin al'umma sau da yawa baligi ne mai aiki, wani lokaci mai 'ya'ya, kuma abin da yake fitar da shi daga aji ba kasafai yake zama wahalar darasi ba. Mota ce ta lalace, ko mai renon yaro ta daina zuwa, ko an sauya masa lokacin aiki, ko kuɗin haya ya cim masa a tsakiyar zango. Duk kasafin da bai ware wa waɗannan komai ba, ya riga ya amince da asarar wani kaso na ɗalibansa. Akwai hujja mai ƙarfi a kan haka. Jami'ar Birnin Nuyok ta fara shirin ASAP a kwalejojinta a 2007, inda ake cike wa ɗalibi giɓin kuɗin makaranta, a ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas, a ba shi littattafai, a kuma haɗa shi da mai ba da shawara wanda dole su riƙa ganawa. Da cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin ta hanyar jefa ƙuri'a a raba ɗalibai gida biyu, masu shiga da marasa shiga, kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka shiga sun sami digiri cikin shekara 3, sauran kuwa kashi 22 ne. Shirin ya fi tsada a kan kowane ɗalibi, amma da aka raba kuɗin a kan yawan digirin da aka samu, sai ya zo da sauƙi.

A San Antoniyo ta jihar Teksas, bayan kamfanin tufafi na Levi Strauss ya rufe masana'antarsa a 1990 ma'aikata fiye da 1,000 suka rasa aiki, ƙungiyoyin al'umma sun kafa Project QUEST a 1992. Shirin ba makaranta ba ne. Yana tura mutane ne kwalejojin garin, musamman fannin lafiya, ya biya abin da ya rage na kuɗin karatu da littattafai da sufuri, ya kuma tara su kowane mako. Binciken da ya bi sawunsu ya tarar cewa a shekara ta 9 waɗanda suka shiga suna samun fiye da dala 5,000 a shekara sama da takwarorinsu. Ga waɗanda karatu da lissafinsu ko Turancinsu bai yi ƙarfi ba, jihar Washinton ta ɓullo da tsarin I-BEST, inda malamai biyu suke shiga aji ɗaya, ɗaya na sana'a ɗaya na tushen karatu, maimakon a tsare mutum zango bayan zango a ajin share fage har ya gaji ya tafi. Ina ganin wannan shi ne adalci ga babban mutum da ya dawo makaranta da nauyin gida a kansa.

Batun kuɗi yana buƙatar a san ƙa'idar kowace kafa. Dokar WIOA ta 2014, wato dokar tarayya ta horar da ma'aikata, tana biyan kuɗin horo ta hannun hukumomin ƙwadago na yanki, waɗanda 'yan kasuwa ne suke da rinjaye a cikinsu, amma sai shirin yana cikin jerin da jiha ta amince da shi, saboda haka a nemi shiga jerin tun kafin a buɗe rajista. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya take ba ɗalibai marasa ƙarfi, ya daɗe ba ya biyan shirin da bai kai awa 600 da mako 15 ba. Wata doka ta Yulin 2025 ta buɗe ƙofar tallafin ga shirye-shirye masu awa 150 zuwa 599 daga Yulin 2026, da sharaɗin kashi 70 cikin 100 su kammala, kashi 70 kuma su sami aiki. Jihar Bajiniya tun 2016 tana raba kuɗin gajeren horo gida uku: ɗalibi ya biya kaso na farko, jiha ta biya na biyu idan ya kammala, na uku kuma sai ya sami takardar shaidar.

Kada a manta da malami. Gwanin walda ko ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya sukan sami abin da ya fi albashin koyarwa a wurin aikinsu, shi ya sa kwalejoji da dama suke mayar da masu neman karatun jinya duk da asibitoci suna kukan rashin ma'aikata, ga kuma ƙarancin guraben koyon aiki a ɗakunan marasa lafiya. Wannan yana cikin abin da za a nema daga kamfanoni tun a zaman farko: su ba da aron ma'aikacinsu suna ci gaba da biyansa, ko su cike bambancin albashin.

Auna sakamako kuwa a yi shi da albashi. Kowace jiha tana karɓar bayanin abin da kamfanoni suka biya ma'aikatansu duk wata uku domin inshorar rashin aiki, kuma kwaleji za ta iya ƙulla yarjejeniya da hukumar jiha a haɗa waɗannan bayanai da sunayen ɗalibanta, a ga abin da suke samu kafin horo, da bayan wata 6, da bayan shekara guda, da bayan shekara 3. Bayanan suna da giɓi, domin ba su ɗauke da masu zaman kansu, a yawancin jihohi ba su nuna irin sana'ar da mutum yake yi, kuma wanda ya ƙaura wata jiha sai an bi ta musayar bayanai tsakanin jihohi, don haka a cike su da tuntuɓar tsofaffin ɗalibai da shugabanninsu a wurin aiki. A ƙirga duk wanda ya yi rajista, har da waɗanda suka bari a hanya, a kuma buga sakamakon kowane shiri daban inda mai neman shiga zai gani kafin ya biya. Tun ranar buɗe shiri a rubuta mizanin da za a sake duba shi da shi, da wanda zai yanke hukunci, da yadda za a kammala wa ɗaliban da suke ciki karatunsu idan aka yanke shawarar rage shi ko rufe shi.