Kurakuran da aka fi yi wajen horar da kwikwiyo mai ƙaramin jiki

Karnuka irin su Chihuahua na ƙasar Meziko, da Yorkshire Terrier na Ingila, da Pomeranian, da Maltese, ko sun gama girma da wuya su wuce kilo 3 ko 4. Wannan ƙanƙanta ita ke ruɗin masu su. Sai ka ga ana ƙyale halin kwikwiyo inda ya kamata a gyara, ana kuma sakaci da jikinsa inda ya kamata a lallaɓa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne yi wa gurnani dariya. Kwikwiyo ya yi gurnani a bakin kwanonsa, ko ya kai wa baƙo cizo a dunduniya, sai a ce "ai ɗan mitsitsi ne, me zai yi?" Da babban karen gadi ne ya yi haka, a ranar za a tashi neman gyara. Wani ma sai ya sunkuce shi yana shafa masa kai, kwikwiyon kuwa ya gane cewa haushi ne ke kawo runguma. Duka kuma ba magani ba ne. Yawanci tsoro ne ke sa shi gurnani, domin kowa a gidan ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma karen da aka hana gurnani da bulala wata rana cizo zai yi babu gargaɗi. Ka matsar da shi nesa da abin da yake tsoro har ya natsu, yana yin shiru ka ba shi ɗan abin lasawa, sannan kullum ku ƙara matsowa kaɗan.

Yawan ɗauka ma illa ne. Daga mako 3 zuwa kamar mako 14 na rayuwarsa ne kwikwiyo ya fi saurin sabawa da mutane da ƙarar babur da sauran dabbobi. Idan ya ƙare wannan lokaci a hannu ko a jaka, zai tashi matsoraci. Ka bar shi ya taka ƙasa da ƙafarsa, amma a wuri mai tsabta, tare da karnukan da aka yi wa rigakafi, har sai likitan dabbobi ya kammala masa allurai, saboda cutar parvo tana saurin kashe ƙananan kwikwiyo.

Fitsari a ɗaki kuwa, laifin mai shi ya fi yawa. Mafitsararsa ƙarama ce, ba ya iya riƙewa. Ka kai shi wuri ɗaya da ka zaɓa da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa, da kuma duk bayan awa ɗaya ko biyu. Yana gamawa ka yaba masa nan take, ba sai kun koma ciki ba. Dangwara masa hanci a cikin fitsarin ba ya koya masa komai sai ɓuya, gobe bayan kujera zai je ya yi. Ka wanke wurin har warin ya fita, in ba haka ba hancinsa zai sake kai shi can.

Akwai masu hana shi abinci wai don yunwa ta sa ya saurare su. Ga irin waɗannan karnuka wannan ganganci ne, domin sukarin jininsu yana saurin faɗuwa. In ka ga yana layi, yana rawar jiki, ko ya yi laushi ya kasa tashi, ka shafa masa zuma kaɗan a dasashi ka garzaya wurin likita. Ya riƙa ci sau 3 zuwa 4 a rana. Ladan horo kuma kada ya wuce girman ƙwayar wake, a cire shi daga cikin abincin ranar don kada ƙiba ta kama shi. Darasi na minti 3 zuwa 5 ya isa, a maimaita sau da dama a yini.

Kada ka ɗaura masa igiya a wuya kana fizga. Maƙogwaronsu ba shi da ƙwari, yana iya lotsawa, sai ka ji kare yana wani busasshen tari kamar kukan dinya. Ɗamarar da ke kama ƙirji da kafaɗu ita ce daidai. Haka nan tsalle daga gado ko kujera yana karya musu ƙafar gaba, ƙasusuwan sirara ne. Yara in za su yi wasa da shi su zauna a tabarma, kada su ɗauke shi a tsaye.

Kai ma in za ka koya masa "zauna" ko "zo", durƙusa ka yi, kada ka tsaya a kansa kana miƙo hannu daga sama. Ka riƙe ladan daidai hancinsa, ka ɗaga shi a hankali zuwa bayan kansa, da kansa zai zauna. Gindinsa na taɓa ƙasa ka faɗi kalmar, ka ba shi.