Yadda na gyara locate da ya daina ganin sabbin fayiloli

Alhamdulillahi, ciwon kan ya wuce. A shagona na buga takardu a Agege, Ubuntu nake amfani da shi a laftof, da locate (umarnin neman fayil da sunansa) nake lalubo fayilolin kwastomomi. Sai ya koma ba ya ganin abin da na ajiye jiya, sai in na buga sudo updatedb da hannuna, umarnin da ke sabunta ma'ajiyar sunayen fayiloli da locate ke dubawa.

Na zargi fayil ɗin saiti /etc/updatedb.conf, ko PRUNEPATHS, jerin foldojin da updatedb ke tsallakewa, ya haɗa da foldata. Ba shi ba ne. Na sake girka plocate, manhajar da ke samar da locate ɗin, shiru.

Sai da na duba systemctl status plocate-updatedb.service na gano bakin zaren: akwai sharaɗin ConditionACPower=true. Wato in laftof na kan batir, aikin da ke gudanar da updatedb da kansa ba ya tashi. Mu kuwa a Legas, rabin yini babu wuta, janareta sai an ga kwastoma.

Na buga sudo systemctl edit plocate-updatedb.service, na rubuta [Unit], ƙarƙashinsa ConditionACPower= ba komai bayan alamar, wannan ke soke sharaɗin. Na ajiye, na zare caja, na buga sudo systemctl start plocate-updatedb.service. Ya tashi. Tun ranar, plocate-updatedb.timer ke sabunta ma'ajiyar kullum da kansa.

Godiya ga ƙanena da ya ce in karanta status tukuna.