Bishiyar inuwa a Jos da Abuja: a bar ash, a dasa madaci

Masu ƙawata gidaje a Amurka sun daɗe suna dasa wani nau'in itacen ash, bishiyar inuwa, da ake kira Marshall's Seedless. Namiji ne, ba ya 'ya'ya, don haka ba ya cika tsakar gida da shara, kuma aure ake yi masa kamar mangwaro. Sai dai itacen ƙasar ƙanƙara ne, sai ya sha sanyi na watanni kafin ya sake tofo. Hunturun Jos na Disamba da Janairu bai kai nan ba, balle Abuja. A Amurka ma wani ƙwaro da aka gano a jihar Mishigan a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan ash.

Madaci ya fi dacewa da mu, yana kuma ɗaukar shekaru da dama kafin ya fara 'ya'ya, don haka ba zai cika tsakar gida da sharar 'ya'ya da wuri ba.

A bari damina ta kankama, ƙarshen Mayu ko Yuni. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, nesa da katanga da sokawe da aƙalla mita 8, domin madaci ƙato ne, saiwarsa tana fasa daɓe. In an ci karo da marmara a fasa ta da diga, in ba haka ba ruwa zai kwanta ya ruɓar da saiwa. A gauraya ƙasar sama da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona dashe.

A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya. Kada a binne wuyan dashen fiye da yadda yake a cikin leda. Nan mutane suka fi kuskure.

Daga Nuwamba zuwa Maris a riƙa ba shi ruwa lita 20 sau biyu a mako, shekara biyu na farko. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara. A kewaye shi da waya don awaki.

Akwai tsutsar da ke huda kan tsiron madaci, sai ya rabu biyu ko uku. A zaɓi reshe mafi ƙarfi a bari, a datse sauran da kaifin almakashi. In a ƙofar gida yake, a bar wayar ko bayan ya girma, saboda masu sassaƙe ɓawonsa don maganin ciwon ciki: in suka zagaye gindin da sara, itacen bushewa zai yi.