Yadda ake kama kifin wolai da ƙugiya mai gashi

Idan ka gaya wa tsofaffin masu fatsa na jihar Minnesota a Amurka ko lardin Ontario a Kanada cewa za ka nemi wolai (walleye), wani kifin tafkuna da kogunan can, da ƙugiya mai gashi, yawancinsu murmushi za su yi. Ba su yi laifi ba. Wolai kifin ƙasan ruwa ne, ita kuwa wannan fatsar an fi saninta da kifin da ke tasowa ya cafke ƙwaro a sama. Amma yana kamuwa, muddin ka kai ƙugiyar inda yake kwance, ka kuma bar ta ta daɗe a can.

Ga wanda bai saba ba, a irin wannan fatsar ba a sa tana ko ɗan kifi. Gashin tsuntsu da na dabba ake ɗaura wa ƙugiya har ta yi kama da abin da kifi ke ci, kuma nauyin igiyar ne ke kai ta nesa idan an wurga.

Fara da lokaci, domin ya fi kaya muhimmanci. A cikin idon wolai akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin wanda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare. Shi ya sa yake gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake farauta, rana mai ƙarfi kuma takan kora shi zurfi. Da asuba da kuma faɗuwar rana yakan matso wurin da ba zurfi. Haka ma ranar da gari ya lumshe, ko iska ta tayar da 'yan igiyoyin ruwa. Ni dai idan na ga tafki ya kwanta luf da tsakar rana, ba na wahalar da kafaɗata.

A shekara kuwa, da ƙanƙara ta narke, ɗumin ruwa ya kai digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin Salsiyas, sai kifayen wolai su hau koguna da bakin tafkuna su zuba ƙwai a kan tsakuwa. Kogin Maumee a jihar Ohio ya yi suna da wannan: a Maris da Afrilu suke shigowa daga Tafkin Erie. Wasu wuraren a rufe suke ga masu kamun wolai a lokacin; a yawancin tafkunan Minnesota sai wajen tsakiyar Mayu ake buɗewa. Ka sayi lasisi, ka karanta dokar ruwan da za ka shiga, don girman da aka yarda a ɗauka ya bambanta daga tafki zuwa tafki. Makonnin da ke bin zuba ƙwai su na fi so: suna cikin ruwan ƙafa 3 zuwa 10, ga yunwa.

Sanda mai tsawon ƙafa 9, lamba 7 ko 8 (lambar nauyin igiyar da ta dace da ita), ta isa. Igiya ce abin da ba na wasa da shi. Nemi mai nitsewa. A jikin kwalinta ana rubuta saurin nitsewarta, kamar inci 3 ko inci 6 a daƙiƙa. Lissafin ba wuya: ruwan ƙafa 12 da igiyar inci 6, sai ka ƙirga 24 bayan ka wurga kafin ka fara ja. A nan mutane da yawa ke faɗuwa. Ƙirga 24 yana da tsawo idan hannu na ƙaiƙayi, sai mutum ya fara ja a 10, ƙugiya ta wuce can saman kan kifin. Idan ba ka jin tana taɓa dutse jefi-jefi, ba ka kai ba tukuna.

Siririn zaren da ke tsakanin igiya da ƙugiya ya zama gajere, ƙafa 3 zuwa 4, mai ɗaukar fam 10 ko 12. In ya yi tsawo, igiya za ta nitse ta bar ƙugiyar tana lilo a sama. Haƙoran wolai masu tsini ne amma ba su cika datse zare ba. Maƙwabcinsa fayik (pike), wani kifi mai kaifin haƙora, shi ne mai wannan aikin, don haka in yana ruwan, ƙara 'yar waya.

Ƙugiyoyi biyu sun ishe ni. Ta farko ita ce Clouser Minnow, wadda Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987 don Kogin Susquehanna na Amurka. Idanunta na ƙarfe ne, suna nitsar da ita su kuma juya tsininta sama, sai ta riƙa bin duwatsu ba ta yawan maƙalewa. Fari haɗe da kore mai ɗaukar ido, tsawon inci 3, shi nake fara ɗaurawa. Ta biyu baƙar Woolly Bugger, mai kama da matsattsaku.

A kogi, nemi wurin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, bayan manyan duwatsu, da ƙasan madatsa. Wurga a karkace zuwa inda ruwan ke fitowa, bar ta ta nitse, ruwan ya zagayo da ita. A tafki kuma, tsibin duwatsu na ƙarƙashin ruwa, gefen ciyawa, da gaɓar da iska ke bugawa. Ja kaɗan, kamar taƙi ɗaya, ka tsaya. Ja, ka tsaya. A tsayawar yake kamawa, kuma ba ya fizga. Wani lokaci nauyi kawai za ka ji, ka zaci ciyawa ce. Kada ka ɗaga sanda: finciko igiyar da hannu, kan sandar na kallon ruwa. In ka kuskure shi, ƙugiyar tana nan kusa da bakinsa.

Akwai 'yan kwanaki a ƙarshen Yuni zuwa Yuli da manyan ƙwarin Hexagenia ke ƙyanƙyashewa daga tafkuna masu laka. Da almuru wolai kan taso musu, kuma a nan ne kawai nake fito da igiya mai yawo a sama.

Da zafi ya kama, sukan koma zurfi. Fiye da ƙafa 20 ba na bin su, wahalar ta fi ribar. Wanda aka jawo daga ƙafa 30 ko fiye, jakar iskar cikinsa kan kumbura, ko an sake shi da wuya ya rayu. Wajen cire ƙugiya, jiƙa hannunka, ka kwantar da ƙayar bayansa daga kai zuwa wutsiya, ka kuma yi hattara da murfin kumatunsa, yana yanka.