Darasi na 6: Ƙasan takardar W-2, harajin jiha da na gari

To jama'a, ku ɗauko W-2 ɗinku, wato takardar albashin shekara da wurin aiki a Amurka ke ba ma'aikaci zuwa 31 ga Janairu. Yau ƙasanta za mu sauka, akwati na 15 zuwa na 20, inda mutanenmu da yawa ko kallo ba sa yi, sai an je cike haraji a watan Afrilu a ce ana bin su kuɗi su hau salati.

Kuɗin da ke akwati na 2 na gwamnatin tarayya ne, ba ruwan jiha da shi. Na jiha daban yake. A na 15 za ka ga haruffa biyu, NY kenan Niyok, NJ Niyu Jazi, PA Fensilbeniya, sai lambar kamfanin a gefe. Na 16 albashin da jihar ta lissafa maka, na 17 abin da aka riga aka yanke aka kai mata. Misali Fensilbeniya kashi 3.07 take karɓa a kan kowa, in na 16 ya nuna dala 30,000 to na 17 zai kama wajen dala 921. Kuma kar ka ruɗe in na 16 ya fi na 1 (albashin da tarayya ta lissafa maka) yawa, a can har kuɗin da ka zuba a asusun ritaya na 401(k) sai sun sa masa haraji, tarayya kuwa ba ta taɓa shi sai ka zo cira.

In a Tekzas ko Fulorida kake aiki ka ga wurin fayau babu komai, ba kuskure ba ne, jihohi 9 ba sa cire haraji a albashi.

Na 18, 19 da 20 na gari ne: albashin, abin da aka yanke, sai sunan garin. Nan fa ake shan mamaki, don kowane gari da dokarsa. Birnin Niyok mazauna cikinsa yake caja, ba ruwansa da inda kake aiki, in a Buronks, wani yanki na birnin, kake kwana kana tsallakawa Niyu Jazi aiki to birnin na binka harajinsa ko da kamfanin bai yanke ba, kuma sau da yawa ba ya yankewa, shi ya sa mutum zai ga na 19 babu komai yana ta murna ashe bashi ne ke taruwa. Filadelfiya, birni a Fensilbeniya, ita kam har wanda ya shigo aiki daga waje sai ta yanka.

Mai kwana a jiha ɗaya yana aiki a wata yawanci takarda biyu zai cike, amma jihar da yake zaune tana rage masa abin da ya biya a ɗayar. Niyu Jazi da Fensilbeniya suna da yarjejeniya, inda kake zaune kawai za ka biya harajin jiha in ka cike fom a wurin aiki. Da Niyok babu wannan.

In ka ga an rubuta jihar da ba taka ba, je ofishin albashi ka nemi gyararriya, sunanta W-2c.

Aikin gida: ɗauko takardar albashinka ta ƙarshe ta Disamba, nemo jimillar harajin jiha na shekara, ka gwada da akwati na 17. Rubuta lambobin biyu a littafinka ka zo da su aji.