Zufar da ka goge ba ta sanyaya ka ba: kurakuran da aka fi yi

Ni kaina na daɗe ina wannan kuskuren, da zarar zufa ta fara tsattsafo min a goshi sai in jawo hankici in share ta tas, minti biyu kuma ta dawo in sake sharewa. Ashe aikin banza nake sa jikina. Ba fitowar zufa ce ke sanyaya mutum ba, bushewarta a kan fata ce, don lokacin da ruwan ke zama tururi yana tashi ne da zafin da ya ɗebo daga fatar, lita ɗaya in ta bushe gaba ɗaya tana kwashe zafi kusan kilokalori 580. Wadda ta ɗiga ƙasa ko ta tafi cikin hankici kuwa asara ce kawai, ka rasa ruwa ka rasa gishiri kuma zafin yana nan daram. Share wadda ke shiga ido, sauran ka bar wa iska, ka sa kaya masu sakin jiki da iska za ta ratsa.

Jiki so yake ya tsaya wajen digiri 37, kuma akwai wani ɗan yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, shi ne mai gadin wannan awon. In zafi ya fara yawa sai ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini na kusa da fata, jini ya kwaso zafin ciki ya kawo waje. Daga nan zafin kan fita ta hucin da jiki ke yi ko ba a taɓa shi ba, ko iska ta ɗauke, ko ya wuce cikin abin da ka kwanta a kai. Amma fa duk waɗannan ukun suna aiki ne in abin da ke kewaye da kai ya fi fatarka sanyi, ita kuma fata wajen digiri 33 zuwa 35 take.

To kaga inda maganar fanka ta shigo. Mutum zai rufe ɗaki ruf iskar ciki ta kai 40 ya ƙure fanka yana mamakin me ya sa bai ji daɗi ba, ai iska mai zafi yake hura wa kansa, kamar na'urar busar da gashin kai. Fankar ba ta da laifi, fatar ce take buƙatar ruwa. Jiƙa tawul ka shafa a wuya da hannaye da ƙirji sannan ka zauna a gabanta, nan take zaka ji bambanci. In iskar kuma cike take da danshi zufa ba ta bushewa da sauri, shi ya sa zaka ga kana jiƙe sharkaf amma kana dahuwa, ranar irin wannan rage aiki shi ne dabara.

Sai masu jira sai ƙishirwa ta kama su tukuna su sha ruwa. Mai aikin ƙarfi cikin zafi yana iya zubar da lita guda ko fiye a awa ɗaya, duba fitsarinka, in ya yi duhu jiki ya riga ya bi ka bashin ruwa. Kuma in zufar ta ɗauki awanni kar ka ɗura ruwa zalla, jiki na neman gishirinsa shi ma.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na zazzaɓi. Yaro jikinsa zafi zau yana rawar sanyi, sai a jibga masa bargo biyu uku wai ya yi gumi ciwon ya fita. Gumi ba ya fitar da cuta, kun toshe wa zafi hanya ne kawai. Mayafi mara nauyi ya isa, a ba shi ruwa akai akai, jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa in ya yi zazzaɓi asibiti za a nufa kai tsaye.

Haka in rana ta bugi mutum har ya fara sambatu ko tangaɗi ko ya suma, dan Allah kar a ce ai yana zufa ba komai, wasu suna cikin zufar zafinsu ke haura 40. Farasitamol ba ya maganin wannan. A kai shi inuwa a cire kaya masu nauyi a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata in akwai, ana yi ana neman motar asibiti, kuma wanda baya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Ta ɓangaren sanyi kuma, zancen wai rabin zafin jiki ta kai yake fita ba gaskiya bane, kai kusan kashi 10 ne cikin 100 na fatar babba. Rigar da ta jiƙe ita ce abin tsoro, ruwa yana janye zafi kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, in ruwan sama ya dake ka fara cire ta kafin ka nemi hula.